Matar da Ke Cire Filogi Ana Tsakiyar Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take shigowa ofis, lokacin mai shara bai gama da matakala ba. Ta rataye mayafinta a bayan kujera, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta bi kwamfutoci ukun da ke kan teburinta ta kunna su ɗaya bayan ɗaya. Biyu sababbi ne. Ta ukun tsohuwa ce mai gurnani kamar injin niƙa, an yi yunƙurin jefar da ita ya fi sau biyar tana hanawa. Takan ce ai ba kowa ne a duniya yake da sabuwa ba. 'Yan ofis suna kiranta Uwar Gwaji, wasunsu ma sai sun yi tunani kafin su tuno sunanta na yanka. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara ashirin da uku.

Kamfanin da take wa aiki yana ƙera wata manhaja mai riƙe tarihin aiki. Idan mutum goma suna gyara fayil ɗaya, ita ke tuna wanda ya canza wani abu da ranar da ya canza, ta haɗa gyaran kowa wuri ɗaya, in na yau ya lalace kuma ta dawo da na jiya. Masu rubuta manhajar suna gwada ta a kan hanya mai kyau. Ita Uwar Gwaji nata rabon shi ne ranar da komai ya ƙi. Za ta sa manhajar ta fara ajiye aiki, ana tsaka da yi ta miƙa hannu ta cire filogi. Za ta cika kwamfuta da tarkace har ba wurin sa ko harafi ɗaya. Za ta ba da umarni a karkace da gangan, ta naɗe hannu ta jira ta ga abin da manhajar za ta ce wa mutum: za ta gargaɗe shi, ko za ta yi shiru ta cinye masa aiki?

A gida ma ba su tsira ba. Maigidanta, wanda tela ne, ya ce ranar da ya sayo sabon keken ɗinki na lantarki, kafin ta yi masa murna sai da ta tambaye shi in wuta ta ɗauke allura tana cikin yadi me zai faru. Autarta kuwa takan ce Umma ce kaɗai a duniya take karanta takardar cikin kwalin magani gaba da baya.

Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne dalilin. A shekararta ta biyu ta taɓa ganin wani ɗan kuskure, aka ce mata lokaci ya ƙure, ita kuma sabuwa ce, ta ji nauyin manya ta yi shiru. Bayan wata biyu wani mai zanen gine-gine ya rubuto musu cewa aikinsa na rabin shekara ya salwanta. Bai zagi kowa ba, tambaya kawai ya yi ko akwai hanyar dawo da shi. Babu. Ita aka sa ta rubuta masa amsa.

Abin da 'yan ofis suka fi tunawa ya faru shekara huɗu da suka wuce, wata ranar Alhamis, saura kwana ɗaya a saki sabon zubin manhajar. Wani gwanin marubucin manhaja da ake kira Dogo ya sake fasalin ɓangaren da ke haɗa gyare-gyare, ɓangaren ya ƙara sauri ninki uku, kowa yana yaba masa. Uwar Gwaji ta ɗauki aikin ta kai kan tsohuwar kwamfutarta, ta cika ta taf, ta ce a haɗa. Allo ya nuna an kammala lafiya. Da ta buɗe fayil ɗin, rabinsa babu, na jiyan ma an rubuta a kansa. Ta maimaita sau bakwai, sau uku ya yi haka. Ta san irin wasiƙar da ke biyo bayan wannan.

Dogo bai ji daɗi ba. Ya ce babu mai hankalin da zai yi aiki da kwamfutar da ta cika haka. Manaja kuma ya zo ya tsaya a kanta yana lallashi, ya ce an riga an yi wa abokan hulɗa alkawarin gobe, a saki yanzu a gyara daga baya. Ta saurare su har suka gama. Sannan ta roƙi Dogo ya kwafo aikinsa na sati uku ya zuba a tsohuwar kwamfutar, ya danna da hannunsa. Ya danna yana murmushi. Allo ya ce an kammala. Ya buɗe fayil, murmushin ya ɗauke.

"Kai kana da asalinsa a teburinka, ƙanena," in ji ta. "Wanda zai faru da shi a waje ba shi da wani."

Ba ta sa hannu a takardar saki ba. Kwana tara aka jinkirta, kwana uku daga ciki Dogo gaisuwa kawai ke haɗa shi da ita. Da ya gyara, ya kawo mata, gargaɗin da ya rubuta lamba ce kawai da kalmar kuskure. Ta mayar masa. Ta ce mutumin da ya ga gargaɗi a tsorace yake, abu uku yake son ji: me ya faru, aikinsa yana nan ko babu, yanzu me zai yi. Suka zauna tare har aka kira la'asar suna gogewa suna sakewa, suka tsaya a kan wannan: "Wuri ya cika, ba a haɗa komai ba. Aikinka yana nan yadda ka bar shi. Rage wasu fayiloli ka sake gwadawa." A zaman nan kuma ta sa ya cire wasu gargaɗi biyu marasa amfani, don a cewarta manhajar da ke yawan kuka a banza, ranar da ta yi na gaske ba mai waiwayowa.

Bayan wata bakwai wasiƙa ta zo daga wata malamar makaranta. Ita da abokan aikinta huɗu sun shekara shida suna haɗa ƙamus na harshensu a kan wata tsohuwar kwamfuta. Ranar da za su haɗa sassan kowa, allo ya tsaya ya fito da gargaɗi. Malamar ta ce sai da ta kai layi na biyu, inda aka ce aikinsu yana nan, hankalinta ya kwanta. Ta ce ba ta san wanda za ta gode wa ba, amma a isar masa. Manaja ya karanta wasiƙar a taron safe, ya juya ya dubi Uwar Gwaji. Ita kuwa tambaya ta yi ko malamar ta faɗi irin kwamfutar da suke da ita, tana so ta gwada wani abu. Aka yi dariya. Dogo ne bai yi ba. Bayan taron ya same ta a teburinta ya ce, "Yaya, ki yafe min." Ta ce ba abin yafewa, ya ja kujera ya taya ta duba wani abu. Yau shi ne yake koya wa sababbin ma'aikata yadda ake rubuta gargaɗi, kuma da kansa ya nemi a ba shi kujerarta idan ta tafi.

Uwar Gwaji, ke ce mai aikin da idan ya yi kyau ba a ganinsa. Ke ce kika yarda a ji haushinki a ofis don kada wani da ba ki taɓa gani ba ya zauna gaban allo ya dafe kai. Akwai littattafai da zane-zane da binciken ɗalibai da suke nan yau saboda kin ƙi sa hannu ranar wata Alhamis, masu su kuma ba za su taɓa sani ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta cikin lafiya, ya ba maigida haƙurin tambayoyin da zai sha yanzu da za ki wuni a gida.

Ku kuma da kuke farkon aiki, kowace irin sana'a ce, wata rana za ku ga kuskure ana hanzari, manya suna tsaye a kanku. Ku faɗa, ku nuna shi a fili, kuma kada ku sa hannu sai an gyara.