Malam Babaji, Wanda Ya Hana Kifi Cin Tuwo

Duk mai fitowa da sassafe a Ƙofar Guga ya san Malam Babaji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke tura tsohon keke bayan sallar asuba, jarkoki a ɗaure a baya, wando a naɗe har gwiwa. Ba ya hawan keken, wai girgiza tana wahalar da fasinjojinsa. Fasinjojin kuwa kifi ne ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba, irin waɗanda ko mage sai ta yi shawara kafin ta sunkuya musu. Kududdufi zuwa kududdufi yake bi, ya tsuguna, ya ɗebi ruwa a ƙwarya ya ƙura masa ido. In ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, sai ya kwance jarka.

Lebura ne a sashen duba-gari, kuma a watan jiya ya ajiye aiki domin gwiwa ta ƙi. Amma wannan sha'ani na kifi ba wanda ya ɗora masa. Yana saurayi ya yi aikin lambu a wani gida a GRA, unguwar manya, inda ake da akwatin gilashi na kifin ado. Wata rana ya ƙara ruwan randa a ciki, ashe da tsutsa, sai ya ga wani ɗan kifi ya taso ya share su tas, sauran ko kallo ba su yi ba. Tun daga ranar ya shiga bin fadamu yana zaɓen irin wannan kifi. Baki yake fara dubawa. Kifin da bakinsa ke kallon sama shi ne nasa, domin a saman ruwa tsutsar take rataye tana numfashi. Mai gashin baki irin tarwaɗa kuwa laka yake tono, in ya girma ya koma cin ƙananan. Ko wanda ya yi masa ma sai ya gwada shi a ƙwarya ya ga cinsa da idonsa kafin ya kai shi ruwan mutane.

Mai son sanin amfanin wannan wahala ya tambayi Safara'u, wadda katangar gidansu ke jingine da babban kududdufin unguwar. 'Ya'ya biyu ta rasa, dukansu da damina, dukansu zazzaɓi. Saura mata Ramla kaɗai, 'yar siririya, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa sai gabanta ya riƙa faɗuwa. A da, baƙin mai ake tuttulawa a ruwan, unguwa ta ɗau wari, dabbobi su rasa wurin sha, ruwan sama ɗaya ya wanke shi sauro ya dawo. Shekara uku da suka wuce ne Babaji ya zo da jarkarsa. Safara'u ta leƙa ta ga abin da ya zuba, ta koma ciki tana cewa wannan bawan Allah dai ba shi da aikin yi.

Daminar ta wuce, sauro ya yi sauƙin da har tsofaffi suka yi magana. Ramla ta kwana cikin gidan sauronta lafiya lau, ko ciwon kai ba ta yi ba. Safara'u ta aika wa Babaji da ƙwai, ya mayar. Ta aika da fura, ya ce a ba yara. To, godiya ta cika mata ciki ta rasa inda za ta sauke, sai ta sauke wa kifin. Mu dai ba a raine mu da zubar da abinci a shara ba, kuma ciyar da halittar Allah lada ne. Kullum in ta kankare tukunya, sai ta watsa ƙanzo da ragowar tuwo ta kan katanga. Talatu maƙwabciyarta ta gani ta ɗauka, kafin a jima duk gidajen bakin ruwan sun shiga neman wannan lada.

Da damina ta zagayo sauro ya dawo har ya fi na da. Ramla ta kwanta, jiki zafi rau, har da sanƙarewa, aka ɗauke ta sai asibiti. Babaji ya rasa sukuni. Ya ɗauka zaɓensa ne ya yi kuskure, ya kamo kifin ya duba, ya same su ɓul-ɓul, sun yi ƙiba. Ya sa ɗaya a ƙwarya da tsutsa, kifin ya zagaye ta ya wuce kamar attajirin da aka miƙa wa ɗumame. Yana nan tsugune sai ga ɓarin tuwo ya faɗo ruwa daga bayan wata katanga, kifi suka yi caa a kai.

Ya jira Safara'u ta dawo daga asibiti ɗaukar kaya, ya yi sallama a zaure. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi maigidanta, direba, da ke kan hanya da mota.

"Baba, jiki sai addu'a," in ji ta. "Kihin nan hwa sun daina aiki. Kuma wallahi ba mu bar su da yunwa ba, kullum sai na ba su."

Ta faɗi haka ne da zuciya ɗaya. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta sa matar nan ta ɗauki ciwon 'yarta ta ɗora wa kanta har abada.

"Ɗiyata, laihina ne," ya ce. "Ni na kawo ma'aikata ban gaya maku abincinsu ba. Wanga kihi da yunwa shika aiki. Ku bar mani su da yunwassu, ladarku kuma ba ta ɓacewa, ni na san inda za mu kai ta."

Safara'u ba yarinya ba ce, ta gane. Ta dafe bango ta yi kuka mai isarta.

Washegari ya samo rabin durom ya girke a bakin lungu, ya bi gida-gida yana roƙon a riƙa zuba ragowa a nan domin awakin unguwa. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba, cewa ya yi awaki ma suna da hakki. Sannan ya shiga ruwan nan har ƙugu, da tsufansa, yana kwashe ruɓaɓɓen tuwo da kwando, ya kawo sababbin kifi masu yunwa ya zuba. Allah ya tashi kafaɗun Ramla, aka sallamo ta, kuma ragowar daminar ba ta sake kwanciya ba.

Malam Babaji, kai ne mai gyara ba tare da kunyatarwa ba. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba domin wata uwa ta iya barci. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba a liƙa hotonka a bango ba, amma akwai yara a Ƙofar Guga da Ƙofar Kwaya da ke guje-guje yau ba su san da hannunka a cikin lafiyarsu ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya saka maka da gidan Aljanna.

Mu kuma da muka rage, kududdufan suna nan, damina ba ta yin ritaya. Dattijon yana zaune a zaurensa da randunan kifinsa, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Mai ƙafa ya je ya koya tun ana iya tambayarsa.

Da aka gaya wa Safara'u za a rubuta wannan, ta ce a ƙara abu ɗaya. Tun da ta rasa na farko ba ta sake ɗinka wa 'ya'yanta riga da rara ba, daidai jiki take sa a yanka, domin tana tsoron sa rai da baɗi. Bana ta kai wa tela yadin makarantar Ramla, ta ce ya bar ninki mai yawa a ƙasa, yarinya ce mai tasowa, girma za ta yi.