Goran Mai Koyar da Iyo

Wani masunci a dam ɗin wajen Bagwai ya ce zai koya wa yaran ƙauyenmu iyo kyauta. Tun farko kyautar ba ta kwanta mini ba. Sharaɗinsa shi ne kowane yaro ya sayi gora a wurinsa, ya rungume a ruwa kada ya nutse. Na saya wa ɗana. Da rani ya zagayo, wai yaro ya girma, sai babban gora. Na tambayi masuncin yaushe ɗana zai iya iyo babu gora.

"Malam, ba a yi wa ruwa gaggawa," in ji shi.

Gaskiya yaro bai taɓa nutsewa a hannunsa ba. Amma da damina na bi ta gonarsa. Ko karan gero ɗaya babu, duk duma ya shuka.