Farin saƙin Kaka a ajin tarihi

Kwas ɗin tarihin duniya sau ɗaya ya kayar da ni, na rantse ba zai ƙara ba. Malaminmu kuwa ba ya son hadda. Kullum maganarsa ɗaya ce: ku duba wa ke noma, wa ke da inji, wa ke kwashe riba, a nan tarihi yake. Ya ce kowa ya zo da abu ɗaya daga gida ya yi bayani a kai, makin rabin jarrabawa ne.

Da na je hutu garinmu Rawayya na buɗe akwatin kakata ina neman tsohon kaya. Can ƙasa na ga wani farin saƙi a naɗe, mai kauri. Na san ita ta kaɗa zaren da mazari tun tana da ƙarfi. Na cusa shi a jaka ban gaya wa kowa ba.

Ranar bayani a Gusau na tashi da ƙarfina. Na ce audugarmu ce Turawa suka loda a jirgin ƙasa, suka dawo mana da ita yadi mai araha, masaƙan ƙauye suka rasa ciniki. Aka gina masaƙa a gari, ita ma atamfar waje ta zo ta rufe ta. Malam yana gyaɗa kai. Na miƙa saƙin ya zagaya aji.

Sai waya ta yi ta rawa a hannuna. Na saci kallo, yayata ce: “Ke kika ɗauki farin ƙyallen Kaka? Likkafaninta ne fa. Tun safe take nema, ta ƙi cin abinci.”

Na ɗaga kai, ga shi a layin baya, wani ɗan ajinmu ya yafa a kafaɗa ana masa hoto.

“Kai, cire! Cire mana!”

“Haba Hajiya, gayu ne fa,” ya ce yana dariya.

“Ci gaba, muna jin ki,” in ji Malam.

Da babban yatsa na rubuta wa yayata “ina zuwa” a waya, na ɓoye ta a ƙarƙashin takarda, bakina yana ta zuba a kan jari-hujja. Har yau ban san me na faɗa a ƙarshe ba. Na ƙwace saƙin, na ruga tasha. Motar Rawayya ta ƙi cika, ni kuwa na rungume jaka ina ta salati.

Na tarar da Kaka a kan tabarma, tuwo a gefe ba ta taɓa ba. Na durƙusa na ajiye mata, na faɗi gaskiya duka. Ta warware shi, ta bi shi da yatsa taƙi-taƙi, ta shinshina.

“Hannun maza ya taɓa wanga abu?”

“E, Kaka.”

Ta sake duba saƙin.

“To mi suka ce? Zaren ya yi?”

“Malam ya ce inji ba ya irinsa.”

“Ya san abu,” ta ce. “Ɗebo ruwa ki wanke shi, sau ukku. Ki miƙo min tuwon nan.”

Ina wanki ina kuka ina dariya. Kwas kuwa na haye, da maki mai zafi!