Yatsan Baba a Kan Katanga

Ƙasarmu ta Gazawa shimfiɗe take. Baba bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba sai shekarar da na kawo shi asibiti a birnin Turai inda nake aiki. A jirgin sama ma rufe ido ya yi tun daga Yamai har muka sauka.

Da likitoci suka sallame shi, sai na ce bari in nuna masa gari. Gaskiyar magana, burge shi nake so in yi. Ina so ya koma gida ya faɗa a ƙofar masallaci cewa ɗansa da aka kai lakol, makarantar boko, bai tashi a banza ba.

Akwai dutse a bayan birnin, kuma da wani ɗan jirgin ƙasa ake hawansa. Taragu biyu ne ɗaure da igiyar ƙarfe guda, in ɗaya yana hawa sai ɗaya yana sauka. Baba ya riƙe kujera da hannu biyu, yana ta salati ƙasa-ƙasa. Da muka yi kiciɓis da ɗaya taragon a tsakiyar hanya, ya bi igiyar da kallo, sai ya saki kujera.

"Ashe gugan rijiya ne," in ji shi. "Don wanga guga kaka ta yi mani fankama tun da sahe?"

A can sama akwai fili da 'yar katanga iya ƙugu, inda mutane ke jingina suna kallon gari. Na shiga nuna masa: ga gada, ga kogi, ga buro, wato ofishin da nake aiki. Idonsa ya wuce birnin, ya tafi can nesa inda gonaki suke, kowace da iyakarta kamar an ja da zare.

"Da muna da dutse irin wanga a gida, da babu mai cin iyakar wani," ya ce. "Matso nan, in gwada maka wani abu."

Ya ɗora yatsa a kan katangar, ya fara zana gonarmu ta gado, wadda ke manne da ta ƙanensa, Baba Ƙarami. Ya ce daga gawo sai a miƙe zuwa suri, daga suri a bi layin gamba. Ya ce gamba ana tuge ta, gawo ana sare shi, shi ya sa kakana ya binne ɓarin dutsen niƙa a kusurwar gonar, kuma shi Baba kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga an binne.

Ni kuwa a lokacin ina ja da baya da waya a hannu, ina neman inda zan samu Baba da birnin duka a hoto ɗaya. Ina jin muryarsa, yana lissafa taku, yana ambaton gabas da arewa. Ina ta "to, Baba, to," irin "to" ɗin da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya.

"Ka riƙe?" ya tambaye ni.

"Na riƙe, Baba. Ɗan ɗago kai."

Bai ɗago ba. Na ɗauka haka nan. Sannan na ce mu yi sauri, jirgin sauka ya iso.

Damina biyu bayan haka Baba ya rasu. Kafin in sake zuwa gida, gawon ya zama turame, gamba ta bi garmar shanu, gyaɗar Baba Ƙarami ta shigo har tsakiyar gonar da Inna da ƙannena mata suke ci daga gare ta. Na kai magana gaban mai gari, da takalmina mai ƙyalli da Faransancina. Na ce akwai dutsen niƙa a binne.

"Madalla," in ji mai gari. "Ina yake?"

Baba Ƙarami bai ɗaga murya ba. "Ku bar ɗana ya haƙa," ya ce. "Ai mai ilimi ne. Ni ma so nike a ga dutsen."

Kwana uku ina haƙa. Rami tara na yi, hannuna ya yi kanta ya fashe, masu wucewa kasuwa suna yi mini sannu da aiki, dariya cike da bakinsu. Inna ce ta zo da kanta ta karɓe fartanyar. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina jin haushin Baba Ƙarami, kuma ba zan ɓoye ba, har gobe ba na cin abincin gidansa. Amma shi ya san abin da yake so, ya kuma sa ido a kansa shekara da shekaru. Ni aka kira aka ce in matso, na ja da baya.

Hoton yana nan, ya yi kyau ƙwarai. Kogi ya fito, gada ta fito, har buronmu ana gani. Baba ya sunkuya, bakinsa a buɗe, yatsansa a dafe a wuri guda a kan katanga. Nakan ƙara girman hoton har ya dushe, ina kallon yatsan. A daidai nan dutsen niƙan yake.