Sule Huɗu a Gindin Lalle

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, amma ban da ranar da na tono sule huɗu a bayan ɗakin Inna. Shekaru sun ja, ita ma ta riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na'urata ta yi ƙara a kan ƙasa sai gabana ya faɗi.

Ni mai aikin famfo ne. Ina da wata na'ura mai dogon mariƙi da faifai a ƙasa, wadda ake shafa ƙasa da ita, in ta zo kan ƙarfe sai ta yi tsuwa. Da ita nake gano inda tsofaffin bututu suka bi kafin a fasa ƙasa. A lokacin ina ji da na'urar nan ba kaɗan ba, kuma ina ji da kaina. Mutum ne ni mai gaggawa, in na sa abu a gaba ko Inna sai ta yi da gaske take tsayar da ni.

Gidanmu na Abakpa tsohon gida ne. Bayan rasuwar Baba, ni da nake babba na yanke shawarar in gina ɗaki biyu a baya in sa haya. Inna ba ta hana ba. Abu ɗaya ta ce, ta kira sunana gatsau kamar yadda ta saba, abin da tun muna yara abokaina suke tsokanata da shi, wai wace irin uwa ce ba ta kunyar ɗan fari.

“Ka gina abin da za ka gina, amma kada a taɓa gindin lallen nan na bayan ɗakina.”

“Saboda me, Inna?”

“Na dai faɗa maka.”

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, tsofaffi ke nan, bishiyar lalle guda ita ce za ta tare mini aiki, alhali lalle ga shi nan tuli a kasuwa.

Ana cikin haka aka yi mata aikin ido, ƙanwata ta ɗauke ta zuwa gidanta a Unguwar Dosa don ta yi jinya. Magini ya zo ya auna fili, ya ce ba inda ya dace da ramin sokawe, inda ruwan banɗaki zai riƙa taruwa, sai daidai gindin lallen. Ban yi musu ba. Na ɗauko na'ura don in tabbatar babu bututu a wurin.

Ina shafawa ta yi tsuwa. Na sa ƙaramin shebur, ko taƙi ɗaya ban kai ba sai ga wani abu zagaye, ya yi baƙi ƙirin. Na murza shi da yawu, sai ga kan sarauniyar Ingila. Sule ne, irin kuɗin da aka kashe kafin naira. Na matsa kamar taku ɗaya, ta sake tsuwa. Wani sulen. Haka har guda huɗu, a jere reras a bin bango, kowanne da huji biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan.

Wallahi a nan hankalina ya gushe. Na ce ai shi ke nan, Baba ya binne tukunyar kuɗi, waɗannan alama ce, shi ya sa Inna take kaffa-kaffa da wurin. Na kira leburori na ce a sare lallen, a haƙa. Suka haƙa har ramin ya shanye tsayin mutum. Babu tukunya, babu komai, sai jar ƙasa. Da la'asar motar yashi ta zo ta kwashe ƙasar, aka kai ta cikon hanya wajen Kurmin Mashi.

Washegari na kai sulallan wurin wani dattijo Bakano mai sayar wa baƙi kayan da. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya taɓe baki.

“Malam, ai an ɓata su. Ka ga kwabo da anini, su da hujinsu aka buga su, a tsakiya, don mutanen da su zura su a zare su ɗaure a ƙugu. Sule kuwa ba a buga shi da huji. Wannan hannun maƙeri ne. Mata sukan huda ɗaya su rataya a wuya, ko su sa wa yaro tare da laya. Amma huji biyu, gaskiya ban san na mene ne ba. Masu saye ba sa son hudajje.”

Haushi ya turnuƙe ni. Ga wahalar haƙa, ga ba riba. A hanyar gida na haɗu da mai sayen gwangwan yana tura kurarsa, na watsa masa su a cikin tarkacen ƙarafa na ce ya ƙara da su. Ko waiwaye ban yi ba. Kaico!

Ranar Juma'a na je gaida Inna. Tana zaune a tabarma, ido ɗaya a rufe da auduga. Don in ba ta dariya na ce, “Inna, ashe Baba mai kuɗi ne ba mu sani ba. Sule huɗu na tono a bayan ɗakinki, duk an huda su kamar maɓalli.”

Ba ta yi dariya ba. Carbin hannunta ya tsaya.

“A ina?”

“Gindin lallen nan.”

“Ka mayar da su inda suke?”

Na fara kame-kame. Ta sake tambaya, na faɗa mata komai, har ramin, har motar da ta kwashe ƙasar, har mai gwangwan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana cikin minti ɗaya ba sai ranar. Ta yi salati a hankali. Ƙanwata ta taso da sauri tana cewa likita ya hana ta kuka, idon zai lalace. Inna ta ɗaga mata hannu.

“Yayyenka ne a wurin,” ta ce. “Huɗu. Maza uku, mace ɗaya. Ba wanda ya kai kwana arba'in.”

Ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sunayen da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ta ce duk 'ya'yanta da cibi suke zuwa. In cibiya ta faɗi sai Baba ya kai sabon sule wurin maƙeri a huda shi gefe biyu, a zura zare, a ɗaura wa jariri a ciki don ya danne cibin. Ba ta taɓa yarda a sa wa sabon jariri na wanda ya rasu ba. A zamanin, ɗanyen jariri a cikin gida ake binne shi. In maza sun gama sun watse, sai ta je ta tura sulen yaron a ƙasa daidai kansa, don ta san wa ke kwance a ina. Lallen ma ita ta shuka, don a riƙa zaton shi take zuwa ba ruwa kullum da safe.

“Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Uwa ba ta zama ta ƙirga wa ɗanta waɗanda ta binne. Na ɗauka in na ce maka kada, ya isa.”

Sai ta sa ƙanwata ta miƙo mata jakarta. Ta lalubo wani ƙullin tsumma, ta kwance, ta ɗora mini abu a tafin hannu. Sule ne, fari tas, da huji biyu, har da guntun zare a jiki.

“Wannan naka ne. Kai ne ka fara tsayawa, shi ya sa bai shiga ƙasa ba.”

A nan na gane dalilin da take kiran sunana ba kunya. Ashe ni ba ɗan fari ba ne. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka kamar yaro, ita da na cuta ita ke lallashina.

Kwana uku ina yawon wuraren 'yan gwangwan. Aka ce kaya sun tafi narkewa. Na je inda aka zuba ƙasar, na tarar motoci suna ta bi ta kai. Na cike ramin, na fasa yin ginin, na shuka wani lallen. Inna ta ce ta yafe mini, kuma na yarda ta yafe. Amma da ta dawo gida, har ta bar duniya ban sake ganin ta zagaya bayan ɗakin nan da buta ba.

Abin da na koya, da tsada na koye shi. In babba ya ce maka kada, bai faɗi dalili ba, ba rashin dalili ba ne, wani dalilin ya fi ƙarfin baki. Tun daga nan na tono tsofaffin kuɗi a gidajen mutane ba sau ɗaya ba. In na ga an huda, ba na sa shi a aljihu. Nakan tsayar da aiki, in tambaya ko akwai tsohuwa a gidan.