Kwamfutoci Uku a Zafin Bazara

Ƙarfe biyu da kwata na rana, wata Talata cikin bazara, sabuwar kwamfutar ɗakin gwajinmu ta fara ja da baya. Ina shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma aikin kammala karatuna shi ne in gwada firosesa uku, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin kwamfutar tebur, in faɗi wacce ta fi sauri. Idan malamin da ke duba aikina bai sa hannu ba kafin kwamiti ya zauna, ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba, sai baɗi.

Ni na zaɓi batun da kaina, don na ga babu tare mutane ana yi musu tambayoyi a cikinsa. Biyu daga cikin kwamfutocin na makaranta ne, sabuwa da matsakaiciya. Ta ukun tsohuwa ce, tana shagon kawuna a Argungu, inda yake buga wa manoman shinkafa takardu da katin biki. Aiki iri ɗaya nake ba kowacce: ta matse wani babban bidiyo ta rage girmansa, ni kuma in duba tsawon lokacin da ta ɗauka. A farkon zango, da safe, kafin darussa su kankama, sabuwar ta gama tun kafin in gyara zama. Ranar Talatar nan kuwa fankarta ta yi ta gurnani, aikin yana jan ciki, har matsakaiciyar ta riga ta. Na sake, ta ƙara lalacewa.

Na san dalili, don na karanta. Firosesa in ta ji zafi ya yi mata yawa takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Amma sani bai amfane ni da komai ba. Da safe darussa ake yi a ɗakin. Da yamma maza ke cika shi, su ja kujeru suna musun ƙwallo, ni kuma ba na iya ratsa su in ce a ba ni wuri. Lokacin da ake fita sallar azahar da cin abinci kaɗai ya rage mini, daidai sa'ar da kwanon rufi ke zubo wuta. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da tsayawa. Na roƙi mai kula da ɗakin ya bari in buɗe akwatin in saka mata fanka. Ya nuna mini hatimin da ke kan kusoshin, ya ce shi ma bai isa ya taɓa ba sai da izinin shugaban sashe, shugaban kuma ya yi tafiya.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Argungu. Shagon kawu ginin ƙasa ne a ƙarƙashin dalbejiya, da randa a kusurwa. Akwatin kwamfutarsa ba shi da murfin gefe tun da na san shi, kuma kowace Juma'a yakan bi cikinsa da gashin kaza ya kakkaɓe ƙura. Na ba ta aikin da safe, na ba ta da rana tsaka, lokacinta bai motsa ba. Da na jera sakamakon, sai ga tsohuwar nan ta kusa kamo sabuwar.

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Ya kira mai awon shinkafa na kusa da shi ya ce ya zo ya ji, tsohuwarsa ta kusa kayar da amaryar gwamnati. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi ko zai ara mini ita in kai Birnin Kebbi, a gwada su a ɗaki ɗaya.

"Ɗiyata, wagga ba ta hawa mota," ya ce. "In ta sha ramin hanya ta mace, ke za ki zamna ki rubuta ma mutane katin biki da hannu?"

Na tattara takarduna. Ya saya mini soyayyen kifi ya raka ni tasha.

Sauran 'yan ajinmu masu irin wannan aiki duk sun ɗauko lambobinsu daga intanet, inda aka yi gwajin a ɗakuna masu sanyi, sun riga sun kai rahotonsu an ɗaure musu shi kamar littafi. Ƙawata ta ce in yi haka in huta, wa zai bincika? Na buɗe shafin intanet ɗin, na daɗe ina kallo. Lambobin suna da kyau, kowacce a inda littafi ya ce za ta kasance. Na kasa rubuta cewa ni na auna su.

Na yi ta zuwa ƙofar ofishin malamina ina komawa. Wata rana yana da baƙi, wata rana in ɗaga hannu in kasa ƙwanƙwasawa. Ana saura kwana kaɗan kwamiti ya zauna, ya fito zai tafi masallaci ya same ni tsaye jikin bango. Ya karɓi takardun, ya karanta a nan kan baranda. Na yi masa bayanin zafi da hatimi da shagon kawu. Na ce ban san wacce zan rubuta ta fi sauri ba, kuma ina so in sani ko zai sa hannu a haka.

Ya daɗe yana duban shafin ƙarshe, sannan ya miƙo mini.

"Ban ga ƙarya a ciki ba, malama," ya ce. "Amma ɗaki biyu kika auna, ba firosesa uku ba, kuma kwamiti zai tambaye ni abin da ba ni da amsarsa. Ki bari damina ta sauka ki sake. Sunanki zai shiga na baɗi."