Amos Sugden da Shuɗin Allin Matarsa

Haihuwa da Asali

An haifi Amos Sugden ranar 4 ga Maris, 1859, a garin Thornbeck da ke ƙasar Yorkshire, a gida na uku daga ƙarshe cikin layin ma'aikatan masaƙar ulu. Mahaifinsa Job Sugden masaƙi ne, mahaifiyarsa Mercy kuma kaɗi take yi. Malaman Landan da suka yi rubutu a kansa daga baya sun ce ya fito daga tsohon gida mai asali. Gidan kam tsoho ne, har rufinsa yana yoyo. Ni jikarsa ce, takardunsa duk suna hannuna, daga cikinsu da bakin 'ya'yansa na haɗa wannan tarihi.

Karatu

A shekarar 1867, yana da shekara takwas, aka sa shi rabin yini a masaƙa, rabin yini a makaranta, kamar kowane yaro a layin. Da ya kai sha uku aka ce karatu ya isa haka. Sauran iliminsa a ɗakin karatun ma'aikata ya samo shi, inda ya ɗauki ƙamus ya bi shi daga shafin farko har na ƙarshe, abin da babu wanda ya sa shi. A nan ya kamu da son dogayen kalmomi, ciwon da bai taɓa iya warkar da kansa daga gare shi ba.

Aure

Ranar 12 ga Yuni, 1884, ya auri Keziah Feather, 'yar layin bayansu. Aikinta a masaƙa shi ne duba yadi: a shimfiɗa mata shi a tebur gaban taga, ta bi shi da tafin hannu, duk inda ta ji ƙulli ko zare ya ninku sai ta ja masa layi da shuɗin alli, a zo a cire. Masaƙa suna tsoron allinta fiye da yadda suke tsoron manaja.

A watan farko na aurensu ya karanta mata wani labari da ya rubuta, shafi arba'in, yana jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓi takardun, ta shimfiɗa su a teburin kicin, ta ciro alli daga aljihu. Kafin shayi ya huce labarin ya koma shafi goma sha ɗaya. Ya yi kwana biyu ba ya mata magana. A rana ta uku ya aika wa jarida sha ɗayan, aka buga. Daga ranar babu shafin da ya fita daga gidan nan bai bi ta ƙarƙashin hannunta ba. Ba yankewa kawai take yi ba. Takan ce wannan mutumin ba zai faɗi haka ba, ta faɗi yadda zai faɗa, shi kuma ya rubuta. Sun haifi 'ya'ya uku tsakanin 1885 da 1892.

Shahara

A 1893 wani kamfanin ɗab'i na Landan ya buga littafinsa na farko, Hayaƙin Kwari, labarin ma'aikatan masaƙa. Ranar da littafin ya iso, Keziah ta goge hannu, ta juya shi gaba da baya, ta ce, “Amos, sunan mutum ɗaya na gani.”

Ya ce ai ba a yin haka, mutanen Landan za su yi dariya. Ta ce to, ta ajiye littafin, ta koma kan kwaɓin burodinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi kuma ya ɗauka ta wuce.

Littattafai goma sha biyu suka biyo baya cikin shekara ashirin da biyar. An fassara su zuwa harsuna shida, ya bar masaƙa, ya tsayar da gemu, ana gayyatarsa liyafa inda ake jera wa mutum cokula biyar. Abin da masana suka fi yabawa shi ne taƙaitawarsa. Wani farfesa ya rubuta shafi sittin a kan yadda Sugden ba ya ɓarnar kalma.

Rasuwar Keziah

A watan Nuwamba na 1918 annobar murar da ta share gari ta kama Keziah, ta rasu cikin kwana huɗu, tana da shekara hamsin da biyar. An binne ta a maƙabartar tudu, aka rubuta a dutsen: Keziah, matar Amos Sugden, marubuci.

Shekara biyu da suka biyo baya bai daina rubutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya tara shafi ɗari tara na wani sabon littafi, ya kulle su a akwati, bai nuna wa kowa ba, don ya san abin da ke ciki.

Shiga Majami'ar Ruhohi

A Thornbeck akwai majami'ar masu imani da cewa matattu suna raye a ɗaya gefen kuma suna magana da na nan. Ba sa cewa mutum ya mutu, sai dai ya ƙetare. Suna taruwa ran Lahadi da rana a wani ɗaki a saman shagon mahauci, su yi waƙa, sannan wata mai jin muryar waɗanda suka ƙetare ta miƙe ta raba saƙo. A Fabrairun 1921 'yarsa Naomi ta ja shi can, ya zauna a bencin baya yana hura hanci. Mai jin muryar ranar ita ce Misis Ogden, mai wankau, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta isar da saƙo biyu ga wasu, sannan ta nuna baya ta ce, “Akwai wata mata a nan, hannunta duk shuɗi. Ta ce a gaya wa mai gemun can, babi na uku ya yi tsawo.”

Jama'a suka yi dariya. Amos bai yi ba. Ya koma gida ya buɗe akwati, ya shimfiɗa babi na uku a teburin kicin, ya ɗauko guntun allin da ke aljihun rigar aikinta, ya riƙe shi a saman takardar. Ya ce hannunsa ya tafi da kansa. Daga ranar, kowace Lahadi bayan shayi, haka suke aiki, har shafi ɗari tara suka koma ɗari biyu da goma.

Bai ɓoye ba. Ya yi jawabi a garuruwa fiye da talatin cewa mutuwa ƙaura ce kawai, mutum yana ƙetarewa da halinsa da sana'arsa. Jaridu suka zana shi riƙe da alli, fatalwa tana jan masa kunne. A 1923 wata ƙungiyar masu binciken al'amuran ruhi ta turo manyan mutane uku daga Landan, da ma'auni da na'urar ɗaukar hoto. Suka buƙaci a tambayi marigayiyar hawa nawa ne a lahira, kuma wane irin haske ake gani a can. Amos ya riƙe alli na ɗan lokaci, ya ce ta ce tana da aiki, kuma na tsakiyar ya sauke ƙafarsa daga kan kujerarta. Rahotonsu ya nuna cewa saƙonnin ba su kai matsayin da ake sa rai daga ɗaya gefen ba.

Rigimar Suna

A Afrilun 1925 ya kai littafin Landan, mai suna Gidan Bakin Gada, da sharaɗi ɗaya: a bangon littafin a rubuta Keziah Sugden da Amos Sugden, nata a gaba. Mista Carew, shugaban kamfanin, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa zai ware shafi guda na sadaukarwa, da haruffa masu kyau, ga ruhin matarsa abar ƙauna. Amos ya ce sadaukarwa ta wanda ya kawo shayi ce, ba ta wanda ya yi aiki ba.

Carew ya ce, “Mista Sugden, da girmanka. Matattu ba sa rubuta littafi.”

Amos ya ce, “Shekara ashirin da biyar kuna buga rubutunta tana da rai ba ku lura ba. Yanzu ne kuka zama masana wanda ke rubutu?”

Ya tattara takardunsa ya hau jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu. Cikin wata biyu kamfanin ya sallame shi, wata jami'a da ta yi niyyar ba shi digirin girmamawa ta gano cewa jerin sunayenta ya cika, gayyatar liyafa kuma ta ɗauke.

Babban ɗansa Reuben, akawun lauya a Leeds, wanda ya sake salon maganarsa ya kuma mayar da sunansa R. Feather-Sugden don ya fi cika allon ƙofa, ya zo gida da likita, da nufin a tabbatar tsohon ya samu taɓin hankali, a karɓe littafin daga hannunsa. Ya ce, Baba, kana zubar mana da mutunci a gari. Amos ya ce, “Kai ka ɗauki sunan uwarka ka liƙa a ƙofar ofis don ka yi kama da 'ya'yan manya. Ni da zan sa shi inda ta yi gumi, ni ne mahaukacin?”

Likitan ya tambaye shi kwanan wata da sunan sarki, ya amsa. Likitan ya ce a nuna masa takardun. Ya zauna ya karanta wuraren da aka ja wa layi har kusan awa guda, sannan ya ce shi bai san wa ke jan allin ba, amma ko waye, hankalinsa ƙalau yake. Ya sha shayi ya tafi bai sa hannu a komai ba.

Daga ƙarshe Eli Binns, mai injin buga katin jana'iza da takardun gwanjon tumaki a Thornbeck, wanda suka yi aikin rabin yini a masaƙa tare da Amos suna yara, shi ya karɓi aikin. Abin da ya tambaya kawai shi ne yadda ake rubuta Keziah, don kada ya ɓata, tana gani. Littafin ya fito ranar 9 ga Oktoba, 1926, kwafi dubu ɗaya, da sunaye biyu a bango. Matan ɗakin duba yadi suka saye ɗari biyu a makon farko. Masanan Landan sun yarda shi ne mafi kyawun littattafansa, suka taya shi murnar dawowa hayyacinsa, kuma kusan duka suka manta da sunan farko wajen rubuta sharhinsu.

Na jera takardun 1893 da na 1925 a tebur ɗaya na duba. Layukan iri ɗaya ne, suna ɗan karkata hagu, da ƙugiya a ƙarshe. Ko ita ce ta ja su, ko shi ne bayan shekara talatin da huɗu yana kallon hannunta, ban sani ba. Shi bai taɓa shakka ba.

Rasuwa da Jana'iza

Bai sake rubuta littafi ba. Ya ce sun gama abin da ke gabansu, sauran sai ya isa ɗaya gefen. Ya rasu a gidansa da safiyar 17 ga Mayu, 1929, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. An yi jana'izarsa bisa al'adar majami'arsa: babu baƙaƙen kaya, mata sun sa fari, an yi waƙa, Misis Ogden ta yi addu'a. Wakilan ƙungiyoyin adabi sun zo daga Landan da baƙaƙen riguna da dogayen huluna, suka tsaya a tsakiyar jama'a kamar bututun hayaƙi. Ɗayansu ya zo da jawabi shafi tara, Naomi ta ce masa ya zaɓi ɗaya.

An binne shi kusa da matarsa. Reuben ya so a kafa masa dutse na daban da jerin littattafansa, amma wasiyya ta riga ta faɗi yadda za a yi. Aka cire tsohon dutsen, aka kafa sabo guda ɗaya a kan su biyun.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai. 'Ya'yan su ne Reuben, akawun lauya a Leeds. Naomi, malamar jinya a Thornbeck. Da Dinah, mai duba yadi a teburin da mahaifiyarta ta bari. Masu zuwa ziyara daga nesa har yau sukan zagaya maƙabartar suna neman kabarin shahararren marubucin, sai mai gadi ya kai su gaban dutsen ya bar su su karanta: Keziah Sugden, marubuciya. A ƙasa, da ƙananan haruffa: da mijinta, Amos.